Sakan ɗaya a Tulsa: darasin wani wasan mata ga masu shirya wa yara gasa

A watan Mayun 2008, a birnin Tulsa na jihar Oklahoma a Amurka, mata biyu suka zauna gaba da gaba domin a fitar da gwarzuwar ƙasar a wasan shaɗaranji. An yi zagaye tara ana fafatawa, kowaccensu ta tara maki bakwai da rabi. Aka shirya musu wasannin raba gardama har huɗu, suka tashi biyu da biyu. A wasa na biyar, lokacin Irina Krush ya ƙare a daidai sa'adda agogon Anna Zatonskih ke nuna saura sakan ɗaya. Da wannan sakan ɗin Zatonskih ta zama gwarzuwar Amurka. Krush ta kai hannu ta make sarki daga kan allo, ta tashi ta fice.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan mutumin Gaya da rigimar wasu mata biyu a can wata uwa duniya? Ruwanmu a ciki shi ne, mu ma masu shirya gasa ne. Malamin da ya tara ɗalibai kacici-kacici, da kwamitin da ya tsara musabaƙa a Islamiyya, da uwar da ta ce wa ƴaƴanta wanda ya riga gama aiki shi ke da tukuici, duk doka suke kafawa. Yara kuwa abin da doka ta sa wa lada shi suke bi, ko da ba shi babban ya nufa ba. Abin da ya faru a Tulsa an ɗauke shi a bidiyo, duniya ta kalla, an yi ta muhawara a kansa, shi ya sa nake ganin ya cancanci mu bi tarihinsa daki-daki.

Wasan da asalinsa

Duk wanda ya saba bi ta gindin itatuwa a nan Gaya, ko ya ƙetare gada zuwa Malanbil, ko ya leƙa Kamba, ya san dara: gurabe talatin a ƙasa, kowane ɗan wasa da ƴaƴa goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, kowa na neman ya jera uku ya ci ɗaya. Shaɗaranji ɗan'uwan dara ne ta wajen cewa babu ƙuri'a a cikinsa, tunanin mutum ne ke kai shi ko ya kayar da shi. Masu Faransanci na ce masa eshek, a Nijeriya ces ake cewa, kafafen labarai na Hausa kuma kan kira shi wasan dara kawai. Allonsa gida 64 ne, kowane ɓangare na da ƴaƴa 16, farare da baƙaƙe. Farare ke fara taku, kuma wanda ya ritsa sarkin abokin karawarsa har ya rasa mafita, shi ya ci.

Ana yi masa kallon kayan Turawa, amma a Indiya aka haife shi wajen ƙarni na 6. Daga can ya shiga Farisa, Larabawa suka ɗauke shi suka kai Andalus, sannan ya bazu a Turai. Ɗan da ke tsaye kusa da sarki, wanda Larabawa suka sani a matsayin waziri mai taku ɗaya tal, Turawa suka mai da shi sarauniya, kuma a ƙarshen ƙarni na 15 suka ba ta ƙarfin da ya fi na kowa a kan allo. Ko a yankinmu ba baƙo ba ne. A 1934 wani jami'in mulkin mallaka na Ingila, C. K. Meek, ya wallafa bayanin yadda ake buga shi a Borno da sunan tsatsarandi. A can sarkin allo Mai ne, na kusa da shi Ciroma, na kusurwa Kaigama.

Na san iyaye da yawa za su tambayi matsayinsa a addini, kuma suna da gaskiya su tambaya. Malaman Malikiyya sun tsananta a kansa, Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta hana shi, Shafi'iyya kuma sun sassauta matuƙar babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Wannan fagen malamai ne, na bar musu. Darasin da nake bi a nan ya shafi kowace irin gasa, ko ta karatu ce ko ta guje-guje.

Yadda agogo ya shigo

Dara ba ta da agogo. In mutum ya daɗe yana nazari, ƴan kallo ne za su ishe shi da tsiya har ya taka. Shaɗaranji ma haka ya yi ƙarnuka. A gasar ƙasa da ƙasa ta farko, wadda aka yi a Landan a 1851, ba a ƙayyade wa kowa lokaci ba, har Howard Staunton da ya shirya ta ya yi ta ƙorafi kan nawar wani abokin karawarsa, Elijah Williams. A 1861 aka gwada agogon yashi a karawar Anderssen da Kolisch. A gasar Landan ta 1883 aka shigo da agogo mai fuska biyu. Kowane ɗan wasa na da fuskarsa. In ka taka, sai ka danna, naka ya tsaya, na abokin karawarka ya fara tafiya. Wanda lokacinsa ya ƙare ya faɗi, ko da shi ke da rinjaye a kan allo.

An kawo agogo ne domin a yi maganin mai jan ƙafa. Sai dai ya zo da wata sabuwar hanyar cin wasa wadda ba ta buƙatar ka fi kowa tunani. In lokaci ya ƙure, mai saurin hannu shi ke da nasara. Bobby Fischer, Ba'amurken da ya zama gwarzon duniya a 1972, ya ga wannan aibi. A 1988 ya nemi rajistar wani agogo da ke ƙara wa ɗan wasa ɗan lokaci duk sa'adda ya taka, yadda ko an zo ƙarshe mutum na da sararin ɗaga ɗa ya ajiye shi a natse. An yi amfani da shi a karawarsa da Boris Spassky a 1992. Ke nan maganin ya shekara goma sha shida a hannu kafin ranar Tulsa.

Matan biyu

Mata sun daɗe suna neman gurbinsu a wannan fage. Gasarsu ta ƙasa da ƙasa ta farko an yi ta a Landan a 1897, Mary Rudge ta lashe. A 1927 Vera Menchik ta zama gwarzuwar duniya ta farko. Amurka ta fara gasar matanta a 1937, Adele Rivero ta fara ɗauka, daga baya Gisela Gresser ta ɗauka har sau tara.

Krush da Zatonskih duka ƴan asalin Yukren ne. An haifi Krush a Odesa a 1983, iyayenta suka yi ƙaura da ita zuwa Amurka tana ƙarama, ta tashi a unguwar Brooklyn. Tana da shekara 14 ta lashe gasar matan Amurka a 1998, ta sake lashewa a 2007, wato ita ke riƙe da kambun da aka zo Tulsa. An haifi Zatonskih a Mariupol a 1978, ta riga ta zama gwarzuwar Yukren kafin ta koma Amurka, inda ta ɗauki kambun a 2006. Sun san juna sarai, domin a 2004 tare suka buga wa Amurka a gasar Olimfiyad ta shaɗaranji da aka yi a Sifen, suka dawo da lambar azurfa.

Wasan a-yi-ta-ta-ƙare

Da aka gama zagaye na tara suna kunnen doki, a ranar aka shiga raba gardama, bayan an riga an sha wuyar wasan ƙarshe. An fara da wasa biyu masu gajeren lokaci, kowacce ta ci ɗaya. Aka sake biyu da suka fi su gajarta, nan ma kowacce ta ci ɗaya. Sai aka zo ga abin da masu wasan suka laƙaba wa suna Armagedon, wanda ni zan kira shi wasan a-yi-ta-ta-ƙare. Dokarsa ita ce dole a sami wanda ya ci. Mai farare ana ba shi lokaci mai ɗan yawa, amma wajibi ne ya yi nasara. Mai baƙaƙe lokacinsa kaɗan ne, amma in aka yi canjaras shi ya ci. Krush ta riƙe farare da minti shida, Zatonskih ta riƙe baƙaƙe da minti huɗu da rabi. Babu ƙarin lokaci ko na sakan ɗaya.

A yi tunani: minti goma da rabi gaba ɗaya, shi ne zai yanke hukuncin aikin kwana tara. Da farko wasa ne sosai ake yi. Da lokaci ya fara ƙurewa sai tunani ya kau, aka koma tseren hannu. Wanda ya kalli bidiyon zai ga hannuwa biyu na kai-komo tsakanin allo da agogo kamar masu sussuka, ba mai duba ko takun na da ma'ana. Krush ta ɗan fi ta sakanni a wannan gaɓa. Zatonskih kuwa sai ta koma taka ɗan da ke kusa da agogo, hannunta bai da nisan tafiya, tana taka nata tun kafin Krush ta gama danna agogo. Sakannin Krush suka zube, na Zatonskih suka tsaya a kan ɗaya.

Bayan ƴan kwanaki Krush ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa da aka buga a shafin hukumar shaɗaranji ta Amurka. Ƙorafinta shi ne abokiyar karawarta ta riƙa taku a cikin lokacin da yake nata ne, ta yadda duk sa'adda ta danna agogo sai a mayar mata nan take, lokacinta kaɗai ke tafiya. Masu shirya gasar suka amsa da hujja biyu. Ta farko, doka ba ta fito fili ta hana mutum taka nasa ɗan da zarar abokin karawarsa ya saki nasa ba, abin da ta wajabta shi ne a bar kowa ya danna agogonsa. Ta biyu, wanda ya ga an saɓa doka, a nan take zai tsayar da agogo ya kira alƙalin wasa, Krush kuwa ba ta yi haka ba. A taƙaice dai sun ce mata ihu bayan hari ta yi. Sakamako ya tsaya yadda yake.

Ina laifin yake?

Masu muhawara a lokacin sun rabu gida biyu, wasu na zargin Zatonskih da wayo, wasu na zargin Krush da rashin haƙurin kaye. A ganina duka sun bar jaki suna dukan taiki. Zatonskih ta yi abin da dokar ranar ta sa wa lada. An ce mata wanda agogonsa ya riga mutuwa ya faɗi, ta nemi hanyar da nata ba zai riga mutuwa ba. Krush kuma an ɗora mata abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam: a ce mutum na da sakan uku ko huɗu, hannunsa na rawa, kambun ƙasa na gabansa, sannan ya tuna da sashen doka, ya yanke shawarar tsayar da wasa. Nauyin yana kan manyan da suka zauna tun kafin gasa suka amince cewa za a auna zurfin tunani na kwana tara, in an yi kunnen doki kuma a koma auna saurin yatsa.

Abin da ke ƙarfafa mini wannan ra'ayi shi ne, ba a rufa wata huɗu ba irin haka ta sake faruwa. A gasar mata ta duniya da aka yi a Nalchik ta ƙasar Rasha a 2008, Monika Socko ta Poland da Sabina Foisor ta Romaniya suka kai ga wasan a-yi-ta-ta-ƙare. Aka cinye komai, kowacce ta rage daga sarki sai doki ɗaya, matsayin da kowane ɗan wasa ya san canjaras ne. Lokacin Foisor ya ƙare. Alƙalai suka ce canjaras, wato Foisor mai baƙaƙe ta wuce. Socko ta ɗaukaka ƙara, kwamiti ya juya hukuncin ya ba ta nasara, bisa hujjar cewa a ƙa'ida ana iya ritsa sarki da doki in ɗaya ɓangaren ya yi ta tafka kuskure. Mata daban, ƙasa daban, alƙalai daban, amma rigima iri ɗaya, domin tsarin iri ɗaya ne.

Daga baya an gyara. A manyan gasannin duniya aka riƙa ƙara wa ƴan wasan a-yi-ta-ta-ƙare ƴan sakanni a kowane taku daga taku na 61. A Amurka kuma, da aka zo raba gardamar gasar ƙasa ta 2010 a birnin St. Louis, Yury Shulman ya riƙe farare da minti 60, Gata Kamsky ya riƙe baƙaƙe da minti 25. An sami lokacin yin tunani, aka yi canjaras, Kamsky ya ɗauka ba tare da an make komai ba.

Abin da ya shafe mu

Na sha ganin ƙaramar Tulsa a makarantunmu. An yi kacici-kacici tun hantsi, aji biyu sun yi kunnen doki, la'asar ta yi, manyan baƙi sun fara duba agogo. Sai wani ya miƙe ya ce tambaya ɗaya ta rage, wanda ya riga ɗaga hannu shi ke da ita. Yarinyar da ta yi wata guda tana bita, wadda ɗabi'arta ce ta auna magana kafin ta furta, sai ta sha kaye a hannun wanda ya ɗaga hannu tun ba a gama karanta tambaya ba. Gobe in muka ga yara na rige-rigen amsa abin da ba su fahimta ba, sai mu ce yaran zamani ba su da natsuwa, alhali mu muka koya musu.

Abu na farko ke nan da nake roƙon ƴan'uwana malamai: tun ran gini tun ran zane. A rubuta yadda za a raba gardama tun kafin a fara gasa, a karanta wa yara da iyayensu. Kuma abin da za a raba gardamar da shi ya kasance daga jinsin abin da ake gasa a kai. In lissafi ne, a ƙara lissafi mai wuya, a ba kowa lokaci daidai. In hadda ce, a ƙara hadda. In rana ta faɗi ba a rabu ba, a ɗaga zuwa gobe, ko a raba kyautar biyu. Babu abin kunya a ce yara biyu sun zo na ɗaya. Sauri dai an ce ya haifi nawa.

Na biyu, maganar ƙorafi. Krush babbar mace ce, ƙwararriya, wadda ta tashi a inda ake koya wa yaro ya faɗi abin da ke ransa, amma a lokacin da ya kamata ta tsayar da wasa ba ta iya ba. To ina ga ƴarmu ta aji shida, wadda muka tarbiyyantar a kan kunya da sunkuyar da kai gaban manya? In muka ce sai wadda ta yi magana nan take za a saurara, mun san sarai ba za ta yi ba. Saboda haka alƙalin gasar yara bai kamata ya zauna jiran ƙara ba, aikinsa ne ya sa ido ya tsayar da abu da kansa in ya ga ba daidai ba. Mu kuma iyaye mu koya wa ƴaƴanmu, mata da maza, cewa ɗaga hannu a ce "Malam, a duba wannan" cikin ladabi ba rashin kunya ba ne.

Na uku, yadda muke karɓar fushin yarinya. Make sarki da Krush ta yi kuskure ne, ba na kare shi. Amma a nan wajenmu, in yaro namiji ya sha kaye ya fusata, sai a ce yana da zuciya, a lallashe shi a mayar da shi fage. In yarinya ce ta yi kuka ko ta ɗaga murya, sai a ce ai dama ba harkar mata ba ce, a cire ta ke nan har abada. A dubi abin da ya biyo bayan Tulsa. A watan Nuwamban shekarar nan ta 2008, wata shida kacal, Krush da Zatonskih suka zauna kafaɗa da kafaɗa a tawagar Amurka a Olimfiyad ta Dresden a Jamus, suka ɗauko wa ƙasarsu lambar tagulla, Zatonskih kuma ta sami zinare a allo na biyu. Zatonskih ta sake zama gwarzuwar Amurka a 2009 da 2011. Krush ta kai ga ɗaukar kambun sau takwas, na baya-bayan nan a 2020, kuma a 2013 ta sami muƙamin babban gwani, wanda shi ne ƙololuwa ga maza da mata. Ita ma Foisor da aka juya wa hukunci a Nalchik, ta koma Amurka ta lashe gasar matan ƙasar a 2017. Da an kore su daga fage ranar da ransu ya ɓaci, da duk wannan bai samu ba.

Mu mutanen jihar Dosso mun san daɗin nasara, domin Issaka Issaka ya kawo mana takobin kokawa ba sau ɗaya ba. Mun kuma san cewa kayen da ke sa har magoya bayan wanda aka kayar su yi shiru su sallama shi ne wanda aka yi a fili, kowa ya gani, ba wanda aka samu a teburin alƙalai ba. Irin wannan nasarar ya kamata mu shirya wa yaranmu hanyar samu. Kafin gasar da ke tafe a makarantarku, ko ta boko ce ko Islamiyya, ku zauna ku tambayi kanku abu biyu: in an yi kunnen doki me za mu yi, kuma wa zai tsaya wa yarinyar da ba za ta iya buɗe baki ba? In kun sami amsa, ku rubuta ta a takarda ku manna a bango tun ba a fara ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon yi musu adalci.